Inna da Gumakan Yaya Tanimu

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Yaya Tanimu hannu ya san ba a karɓe shi da wuri. Kai kana “ina kwana”, shi ya riga ya kama maka tsintsiyar hannu yana jujjuyawa, ya lanƙwasa maka gwiwar hannu, ya miƙar, ya sake lanƙwasawa, kansa a karkace yana sauraro. Sai ya gama sannan ya ce, “Ikon Allah! Ba ƙusa, ba gam, ba mai, kuma ba ta ƙara. Lafiya lau, ya iyali?” Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ranar da ya fara zuwa gaisuwa gidanmu haka Yaya ya yi masa. Bawan Allah ya ɗauka ƙarfinsa ake gwadawa, ya dinga ƙanƙame dantse har gumi ya karyo masa.

Ku manya da kuka sha lanƙwasa a hannunsa, da ku yara da kuka tarar da labari, yau ku bar ni in faɗi nawa. Ni ce Jummai ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma in ban da matarsa Hansai ba wanda ya sha wahalar mutumin nan kamar ni.

Sana'arsa haƙoran roba. A wajen wani Kwara, mutumin Lebanon, ya koya, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa wajen Bata, gidansa kuma nan Fagge, lungu biyu tsakaninsa da gidan Inna mahaifiyarmu. Lokacin nan kuɗin mai sun shigo, gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas na watannin baya, gari ya rikice. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya sayi mota, tsofaffin da suka shekara suna goga goro a magogi duk suka tuna suna son haƙora. Sa'o'in Yaya suka yi ta dasa gidaje. Shi kuwa sai ya faɗa wa 'yan roba, oh ni Jummai!

Mista Emeka ne ya ja mana. Ibo ne haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, tun suna yara suke tare da Yaya. Yaƙin basasa ya kore shi, da aka gama ya dawo ya buɗe kantin rediyo da kayan wasan yara. To, wani kayansa ya daɗe a Legas lokacin da jiragen siminti suka toshe tashar jiragen ruwa, da ya iso duk ya jiƙe ya murƙushe. A ciki akwai wasu ƙananan kwalaye daga Japan, a jikin kowanne an zana ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙaho, ya fi bene tsawo, yana fesa wuta. In ka buɗe kuwa ba mutum ba dalilinsa, sai gutsattsarin roba. Kai za ka ciccire, ka haɗa da gam, ka yi fenti. Rabin gutsattsarin sun karye, wasu sun ɓata. Emeka ya ce zubarwa zai yi. Zubarwa! A gaban Yaya Tanimu, mutumin da ke tsaga tsinken ashana biyu. Ya kwashe su a buhu ya ɗaura bayan keke.

Na farkon da ya haɗa hannunsa na dama ne ya ɓata. Yaya ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne ga mai haƙori. Ya ɗauki ɗaya hannun ya danna a filasta ya fitar da gurbi, ya kwaɓa garin robar da yake yin dasashi da shi, ya zuba, ya bushe, ya goge da samfefa ya liƙa. Ya kai wa Emeka yana ta baza hanci. Emeka ya juya abin, ya sake juyawa, ya ce, “Tanimu, wannan yaron naka hagu biyu gare shi.”

Yaya ya karɓa ya duba, sannan ya ce, “To, bahago ne. Laifi ne?”

“Da wane hannu zai ci tuwo?”

“Wa ya ce maka na gayyace shi cin tuwo?”

Daga nan abu ya zama cuta. Yadda Japanawa suka yi su, ƙafafunsu a sandare suke, sai Yaya ya ce wannan ha'inci ne. Ya dinga yanke su da ɗan zarto daidai gwiwa, ya zuba musu sabuwar gaɓa da robar dasashi, ya soka guntuwar wayar keke a tsakiya, ya sa robar bawul don kada ta yi sako-sako. Gwiwa, kafaɗa, wuya, har yatsu. Samarina yake ce musu. Ya jera su a kan kantar falonsa, inda matan kirki ke jera kwanukansu.

Ranar da Inna ta je duba Hansai da ba ta jin daɗi, ta ɗaga labule ta gan su a jere sun zuba mata ido. Ko zama ba ta yi ba. Ta mayar da takalmanta ta dawo gida. Kun san Yaya ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunansa, ba ta doguwar magana da shi, duk saƙon da ke tsakaninsu ta kaina yake bi. Ta kira ni ta ce, “Ki je ki gaya wa wancan, ɗakin da aka jera gumaka mala'ikun rahama ba sa shiga. Inda mala'ika bai shiga ba, me zai kai ƙafata? Shekara nawa da aure, ko ɓatan wata ba a yi ba, shi yana can yana tara abin da zai kori albarka. Ko su ko ni.”

Na kai saƙo. Ya ce, “Ki ce mata ba gumaka ba ne, injuna ne.” Na dawo da amsa. Ta ce, “Ki ce masa injin niƙa ba shi da ƙaho.” Wallahi silifas ɗina sun ƙare a tsakanin lungunan nan biyu.

Kada ku ɗauka gaba suke yi. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ta tura masa kwanon koko da mariƙin ludayi. Amma gidansa ta haramta wa kanta. Abin kuwa yana cinsa, ni na sani, don ba makon da zai wuce bai tare ni a zaure ba ya ce, “Jummai, ta ce wani abu?” In na girgiza kai sai ya yi 'yar dariya ya kama maganar farashin filasta. Yana son uwarsa ta zauna a ɗakinsa ta ci abincin matarsa, yana kuma son samarinsa. Ita ma tana son ɗanta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nasa ai a nono ya sha.

Fenti kuwa, Allah na tuba, ko sau ɗaya ban ga ya saya ba. Wajen masu fentin mota na Sabon Gari yake bi da gwangwanayen madara yana kankaro ragowa. Burushinsa gashin jelar kyanwar maƙwabta ne, har kyanwar ta koyi hawa katanga in ta ji ƙarar kekensa. Kwallin Hansai yake shafa wa samarin a tsage-tsagen jikinsu, wai don su yi kama da waɗanda suka sha yaƙi. Wata rana ya rina robar dasashi koriya zai yi wa wani saurayinsa sulke, ta yi ragowa. Ya zubar? Ina! Sai ga wani Alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya dawo shago yana huci, ya wangale baki, dasashinsa kore shar.

“Malam Tanimu, mene ne wannan? Matana sun ce na fara ruɓewa!”

Yaya ya leƙa bakin a tsanake ya ce, “Alhaji, kai da ba ka rabo da goro? Ka ba shi kwana kaɗan, da kansa zai nuna.”

Sai kuma ya gano cewa famfon filit na fesa maganin sauro ya fi burushi shafa fenti sumul. Ya ɗura fentin azurfa a ciki, ya gama aikinsa, ya mayar da famfo bayan ƙofa bai gaya wa kowa ba. Bayan magariba Hansai ta ɗauka, ta rufe taga, ta yi ta bugawa. Gidan sauro, katifa, zanin gado, ita kanta da iska ta dawo mata da shi. Da gari ya waye ta shigo gidan Inna da kuka, girarta da gefen fuskarta suna ƙyalli. Ni dariya har da faɗuwa. Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, “Kin gani ko? Har sun fara mayar da ke irinsu.”

Da ya ga Inna ba ta da niyyar saukowa, sai ya ce zai kai ƙara wajen Malam Liman na unguwarmu, tunda maganarsa take ji. Ya naɗe babban saurayinsa, wani ja mai ƙaho biyu, a ƙyalle ya tafi. Maigidana yana wurin, shi ya kawo mana yadda aka yi. Yaya ya tsayar da shi a kan buzun Malam, ya buɗe masa wata 'yar ƙofa a ƙirji.

“Allah gafarta Malam, tifa tana da rai?”

“Ba ta da shi.”

“To wannan tifa ce mai ƙafa. Ga kujerar direba nan a ciki.”

Malam ya gyara tabarau. “Tifa tana da ido, Tanimu?”

“Tana da fitila biyu, Allah gafarta Malam.”

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce shi dai abin da ya karanta game da siffar mai rai ne, wannan kuwa bai san inda zai ajiye shi ba, amma in ana son fita daga shubuha a cire musu kawuna, shi ke nan. Sannan ya riƙe hannun Yaya kafin Yaya ya riƙe nasa, ya ce, “Ka iya hujja, ɗan nan. Sai dai uwa ba a kayar da ita da hujja.” Yaya bai ji wannan ba, ya taho da gudu ya aike ni in ce wa Inna Malam ya ce tifa ce. Inna tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Malam ne ya haife shi?”

Amma maganar cire kai ta shige ta. Ana saura kwanaki Babbar Sallah ta ce mini, “In ya fille musu kai, zan je in ci naman gidansa.” Kai jama'a, ku ga murna wajen Yaya! Ya sa aka yi wa falo farar ƙasa. Hansai ta yi waina da miyar taushe, ta soya nama ta cika kwalla. Shi kuma ya zauna ya ciccire kawunan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a gwangwani, yana yi yana tsaki. Ranar Sallah na je da safe na duba da idona, duk gundul-gundul, abin ma ya fi ban tsoro. Na koma na ɗauko Inna.

Muka shiga zaure, muka wuce tsakar gida, Hansai ta zube tana sannu da zuwa. Inna ta kai hannu ta ɗaga labulen falo. Can a tsakiyar kantar, jan nan mai ƙaho biyu yana tsaye da kansa a wuyansa, ya ɗan karkata shi gefe yana kallon ƙofa. Ashe bayan fitata Yaya ya kasa daurewa, wai ya mayar masa ne ya gani sau ɗaya, sai wayar wuyan ta cije ta ƙi fita. Yana tsaye da filaya a hannu, gumi sharkaf. Da ya finciko da ƙarfi da wuyan ya karye, da Inna ta shiga. Bai finciko ba.

Inna ta saki labulen. Ta ce wa Hansai, “Allah ya maimaita mana,” ta juya. Yaya ya biyo ta har zaure yana, “Inna, ɗaya ne fa, ɗaya ne kawai.” Ba ta waiwayo ba. Ranar na zage shi, yayana guda, na ce masa wawa, ya zaɓi roba a kan uwarsa. Ya zauna a dakalin zaure da filayarsa, Hansai tana kuka a kan wainarta. A gida ita ma Inna ko naman layyarta ba ta taɓa ba, ta ce kanta ke ciwo. Washegari da safe ya zo ya durƙusa, ta tura masa koko. Ya mayar wa sauran kawunansu, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Haka shekaru suka tafi, har tari ya kama shi. Da ma kullum a rufe yake aiki cikin warin fenti da ruwan roba, in ka yi magana ya ce iska tana kawo ƙura ta ɓata masa shafe. Aka kai shi asibiti, aka riƙe shi, aka sallamo shi da kwalaben magani da “sai addu'a”. Ya rame ya koma kamar sillen kara. Zuwa gaisuwar safe ya gagare shi. Ya ce a shimfiɗa masa a falo wajen samarinsa. Inna kullum sai ta dama kunu da hannunta ta ba ni in kai, ta tambaye ni ya sha ko bai sha ba, nawa ya rage. Na roƙe ta har da kuka ta je ta gan shi. Ta ce, “Ya san abin da zai yi.” Amma na sha ganinta a bakin ƙofar gida da mayafi a kafaɗa, tana kallon lungun, sai ta koma ciki.

Wata Laraba bayan azahar na tarar da Emeka a gefensa yana yi masa fifita. Yaya ya yafito ni. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, “Jummai, ku kwashe su. Duka. Emeka ya tafi da su, ko ya zuba a kwata, ban damu ba. Ki je ki ce mata babu ko ɗaya.”

Emeka ya ce, “Tanimu, ka tabbata?”

“Ina son in ga uwata.”

Muka kwashe. Emeka yana naɗe su a tsumma ɗaya-ɗaya yana sawa a buhu, hawaye na bin gemunsa. Yaya ya juya fuskarsa bango don kada ya gani. Muka fitar da buhun zaure, na gyara mayafi zan ruga gidan Inna. Ban kai ga ƙofa ba muka yi kiciɓis. Ita ce, da sandarta, da kwanon kunu a hannu. Ba wanda ya aika mata, ba ta san an kwashe komai ba. Ta ratsa ni ta wuce, ta ɗaga labulen ta shiga da bisimilla.

Ta tsaya ta dubi kantar, wayam, sai zanen ƙafafunsu a kan katako. Ta dubi ɗanta a shimfiɗe. Ta juyo kaina.

“Ina kayan nasa?”

Na ce, “Inna, shi ya ce a kwashe, don ki shigo.”

Ta ce, “Ku mayar masa da abinsa. Mala'ikan da ke tafe ɗakin nan, gunki ba ya tsare shi.”

Muka dawo da buhu, ni da Emeka muna jerawa, ko gani ba ma yi sosai. Sai muka ji murya daga shimfiɗa, can ƙasa-ƙasa: “Ba nan yake ba. Jan a tsakiya. Bahagon a ƙarshe.” Inna ta yi wata dariya da ta haɗe da kuka ta ce, “Ja'iri.” Ta zauna a ƙasa, ta ɗago kansa ta ɗora a cinyarta, abin da tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ba shi kunun da ludayi, ya haɗiyi kaɗan. Ko a ranar ba ta kira sunansa ba. Ta dai shafa kansa ta ce, “Kai wannan, sannu. Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini, na daɗe a hanya.” Ya buɗe baki zai amsa, tari ya hana shi, sai ya ɗaga mata kai. Kafin a kira la'asar ya cika, a cinyarta.

A falon nan Inna ta yi zaman makoki, ta ƙi a kai ta ko'ina. Mata suna shigowa gaisuwa suna satar kallon kantar samarin, suna jiran su ji me za ta ce. Abin da kawai take cewa shi ne, “Ku bi a hankali, kada ku ture masa.” Ba ta ƙara cikakkiyar lafiya ba bayansa.

Har yau in na tuna, dariya ce ke fara zuwa, sai kuma ƙirjina ya yi nauyi, don lungu biyu ne kacal tsakaninsu. Ya Allah, ga Tanimu nan, ga Inna nan, ka fi mu sanin halinsu. Ka ji ƙansu, ka yafe musu taurin kai, ka yalwata musu makwanci, ka zaunar da su a ɗaki ɗaya cikin rahamarka. Mu kuma da muka rage, ka kyautata namu zuwan. Amin.